Wasiƙar godiya daga Damagaram zuwa ga ma'aikatan gandun dajin Yankari

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga shugabanni, masu gadin daji da ƴan rakiyar baƙi na Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, jihar Bauchi.

Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, saboda yadda kuka karɓe ni da iyalina a babban hutun makaranta. Hutunmu a Nijar cikin damina yake faɗowa, lokacin da ciyawa ta rufe daji, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi kuma ba su da dalilin taruwa a bakin kogin Gaji kamar yadda suke yi da rani. Tun daga Matamai har Daura, Kano da Bauchi, yarana giwa kawai suke ambato. Mai rakiyarmu, wani dattijo mai sanyin magana, bai ruɗe mu ba. Ya ce mini: “Malam, giwa a wannan lokaci sai an yi sa'a, amma dajin ba na giwa kaɗai ba ne.” Wannan gaskiyar ita ta fara saye min zuciya.

Mun ga gwanki da gwambaza, mun yi iyo a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 dare da rana, mun kuma koyi rufe ƙofa saboda birai. Amma abin da ya zauna mana shi ne kwaɗo.

Bayan sallar magariba dattijon ya ɗauki tocila ya zagaya da mu gefen masauki, ya haska wani ganye. Sai ga ɗan kwaɗo bai wuce farcen babban yatsa ba, ya manne, maƙogwaronsa na kumbura yana kira. Ya nuna wa yaran ƴan faifan da ke kan yatsunsa, waɗanda da su yake riƙe ganye komai santsinsa. Ya ce namiji ne ke kuka don jawo mace, kuma kowane iri da muryarsa. Ƙaramar ƴata ta miƙa hannu, ya ce: “A'a ƴata, da fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita, man da ke hannunki zai cutar da shi.” Ya ƙara da cewa akwai irin da ke rikiɗewa fari idan rani ya yi, ya zauna kan kara cikin rana ba ya bushewa. Mu da muka tashi da kukan kwaɗi a tabkunan Zinder, ba mu taɓa tsayawa mun duba ko ɗaya ba, yara kuwa jifa suka sani.

An keɓe dajin Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Riƙe wuri irin wannan daga mafarauta aiki ne na sai da rai, kuma mu da ke da gandun dajin Termit da Tin Tumma a gefenmu mun san abin da ake nufi da dabba ta kusa ƙarewa.

Ina roƙon hukumar gandun ta isar wa wannan dattijo da abokan aikinsa gaisuwarmu. In Allah ya kai mu rani, muna tafe da ƴan ajina. Allah ya tsare ku a cikin daji, ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani malamin makaranta, unguwar Birni, Zinder