Kafin ka sayi keke mai birkin faifai, duba cibiyar tayarsa

Edita, ka ba ni fili in yi magana da masu sayen kekunan gwanjo a ƙauyukanmu na Jigawa. Da yawa faifan birkin, wato faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya wanda birki ke matsewa, shi ne ke burge su, ba sa duba yadda aka ɗaure shi a cibiyar taya.

Ɗaurin iri biyu ne. Akwai mai noti shida, wanda makulli mai kan tauraro lamba T25 ke kwance shi. Akwai na kamfanin Shimano da ake kira Center Lock: faifan na zama a kan haƙoran cibiya, zobe ɗaya ya danne shi. Wannan ya fi saurin ɗaurawa, amma zoben sai da makullinsa na musamman, kuma ba kowane mai gyara a Ringim ko Gumel ke da shi ba. Idan aka sa guduma da kurfi, haƙoran zoben sun tafi. Faifai mai noti shida yana hawa cibiyar Center Lock idan an samo mahaɗinsa, amma faifan Center Lock ba ya hawa cibiya mai noti shida. Don haka mutumin karkara ya ɗauki mai noti shida.

Wajen ɗaurawa, kada a bi notin a jere. A ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan har su kama daidai, in ba haka ba faifan zai karkace yana gogar takalmin birki. Kada a matse da ƙarfin tsiya, domin ramukan alminiyam ne, zarensu na saurin cinyewa. Faifan Shimano sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, idan ya sauko 1.5 a canja shi.

Ita kuwa cibiyar, mai ɗaukar buhun gero ko jarkoki ya nemi mai sifoki 36 da aka saƙa a gicciye, saboda birkin faifai ta cibiya yake murɗa taya. Mai ƙwallayen boris a sake ta fi dacewa da yashinmu: a buɗe, a wanke da kananzir, a sa sabon giris, galibi ƙwallo tara kowane gefe a tayar baya. Sai dai a kiyaye, ɗigon giris ɗaya a faifai ya isa ya sa birki ihu ba kamu, kuma takalmin da ya sha mai sai dai a sake wani.

Daga wani mai gyaran keke,
Ringim, Jihar Jigawa