A Zana Makarantar Koyon Likitanci Daidai Da Zafin Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan fasalin gine-ginen da ake koyar da likitoci a cikinsu, ganin yadda ake ta kiran a ƙara guraben karatun likitanci a Arewa, alhali kowane gurbi sai an tanadar masa aji da ɗakin gwaje-gwaje da wurin kwana.

Tun da aka kafa jami'ar da yau ake kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1975, Sakkwato ta zama gari na masu neman ilimin zamani, kuma asibitin koyarwarta yana karɓar majinyata daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Saboda haka duk wani sabon ginin koyon likitanci da za a yi a nan, zai daɗe yana hidima ga jama'a masu yawa.

Abin da ke damuna shi ne yayin da aka shiga na lulluɓe manyan gine-gine da gilashi tun daga ƙasa har sama, kamar yadda ake gani a hotunan Dubai. A Sakkwato zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma bangon gilashi da ke fuskantar yamma yakan mayar da ɗaki tamkar tanda da zarar an yi azahar. Na taɓa zama cikin irin wannan ɗakin lacca a wata makaranta, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, tagogin kuma ba a yi su don a buɗe ba. Kafin rabin awa malami da ɗalibai duk sun koma ƙarƙashin dogonyaro. Ginin da ba ya zaunuwa sai janareta na ruri, kuɗin dizal ɗinsa zai cinye abin da ya kamata a sayi littattafai da kayan gwaji.

Maginanmu na da sun san wannan rana, shi ya sa suka yi bango mai kauri da tubali, suka ɗaga soro da azara da bakan gizo, suka bar tsakar gida iska na kewayawa. Ba ina cewa a gina ɗakin gwaje-gwaje da jar ƙasa zalla ba, ina cewa a ɗauki hikimar. A shimfiɗa ginin ta yadda dogayen bangonsa za su fuskanci kudu da arewa, a ƙanƙanta tagogin gabas da yamma, a yi baranda mai faɗi, a bar sarari tsakanin rufi da silin domin zafi ya samu hanyar fita, sannan a ɗora sola a kan rufin. A Dandaji ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta da nisa da mu, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, kuma masana gini a duniya sun yaba da aikin.

Akwai ɗakunan da dole a rufe su ruf, domin ƙurar hunturu tana lalata madubin duba ƙwayoyin cuta da sauran na'urori. Ɗakin da ɗalibai ke koyon sassan jikin ɗan Adam kuwa yana buƙatar hanyar fitar da iska tasa ta daban, saboda warin fomalin, wato maganin adana gawa, yana sa hawaye da sarƙewar numfashi, kuma ya kamata a ba shi ƙofa ta baya domin a shigo da gawa cikin sutura da mutunci. Ɗakunan kwanan ɗalibai su ma a ba su iska, tunda mun san yadda sanƙarau ke yaɗuwa a cunkoso lokacin rani.

Haka nan ɗalibin da ya kai matakin shiga asibiti yakan yi zirga-zirga tsakanin aji da ɗakin majinyata sau da yawa a yini, don haka a haɗa su da rufaffiyar hanya mai inuwa, a kuma sa wurin alwala na maza da na mata a cikin zanen tun farko.

Roƙona ga hukumomi shi ne, kafin a amince da kowane zane, a baje shi gaban malamai da ɗalibai da ma'aikatan jinya, kuma a tambayi mai zanen yadda ɗakin lacca zai kasance da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu idan babu wuta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Daga Mabera, Sakkwato.