Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyar Matan Unguwarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ga taƙaitaccen bayanin abin da muka gudanar a bana.

Ziyarar marasa lafiya, gudummawar biki da suna, da rabon kayan azumi duk sun tafi yadda aka saba. Aikin da ya fi cin lokacinmu ya samo asali ne daga rigimar adashe.

Za ku tuna a taron farko an ta da jijiyar wuya kan zubi, har wasu suka fara yi wa ma'aji kallon zargi. Da muka baje littafin a kan tabarma muka bi shi layi-layi, sai muka ga ko kwabo bai ɓata ba. Lissafinmu ne da gyara. Muna zubi kowace Asabar, amma muna ƙirga wata a matsayin sati 4, shekara ta zama sati 48 ke nan, alhali sati 52 ce da kwana ɗaya. Akwai watannin da Asabar ke zuwa sau biyar. Yanzu littafin zubi da sati yake tafiya, kuma mun ba ma'aji haƙuri a gaban kowa, don ta cancanta.

Wannan ne ya sa muka gayyato wata malamar asibiti ta yi mana bayani, tunda a wajen awon ciki ma da sati ake magana, mu kuwa da wata muka saba. Ta ce a riƙe abu ɗaya: wata 3 sati 13 ne. Wata 6 ya zama sati 26, wata 9 kuma sati 39. Su a asibiti sati 40 suke ƙirgawa, wato kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Mai ninka 9 da 4 za ta tsaya a sati 36, ta ɗauka lokacinta ya yi, bayan kuwa jaririn da aka haifa kafin sati 37 bakwaini ne. Wata daga cikin iyayenmu ta riƙe baki ta ce, haihuwa takwas ta yi ba ta taɓa jin wannan ba.

Haka allurar rigakafi. Bayan ta haihuwa, akwai ta sati 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Sati 6 kwana 42 ne, kwana biyu bayan arba'in, saboda haka mai jego da ta gama wanka ta nemo katin yaro. Sati 14 kuma wata uku ne da kamar sati ɗaya, a nan ne mata suka fi ruɗewa.

Mun buga wannan lissafi a ƙaramar takarda, wadda ba ta samu ba ta karɓa wajen sakatariya. Masu bashin zubi kuma, don Allah a kawo kafin taro mai zuwa, ranar za mu yi zaɓen sabbin shugabanni.

Sakatariya