Wasiƙa Kan Maganin Da Ke Barci Sai An Tashe Shi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali, da su Baba da Inna. Bayan gaisuwa, ga amsar tambayarka game da abin da ya haɗa saiwar tsiro da maganin ciwon daji.

Ka san yadda doya kan yi duhu bayan an fere ta an bar ta a iska. Aikin wani enzayim ne (wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai a jikin mai rai) da ke haɗa sinadaran cikinta da oksijin. Wanda ya ɗauke mini hankali ɗan'uwansa ne, ferokzidas, da ake samu a saiwar wani tsiro mai yaji na Turai, horsradish. Kada ka ɗauka zogale ne, ko da yake Turawa sun laƙaba wa zogale sunansa saboda ɗanɗanon saiwarsu ya yi kama.

Dabarar ita ce a ba majiyyaci sinadarin da ba ya cutarwa, wato IAA, wanda tsirrai ke girma da shi, alhali an riga an kai enzayim ɗin cikin ƙarin dajin kaɗai, ko dai a ɗaure da antibodi (furotin na garkuwar jiki da ke gano ƙwayoyin dajin ya manne musu) ko ta hanyar dasa ƙwayar gadonsa a ƙwayoyin dajin don su riƙa samar da shi da kansu. Da zarar sun haɗu, sai enzayim ɗin ya ƙwace wa IAA ilektiron guda (ƙanƙanin ɓangaren atam), ya sa ya zubar da iskar kabon, abin da ya rage kuma ya zama guba mai lalata DNA (sinadarin gado) da fatar ƙwayar halitta. Peter Wardman da Lisa Folkes sun yi wannan bincike a Cibiyar Gray ta binciken ciwon daji da ke kusa da Landan wajen shekarar 2000. Abin da ya fi burge ni shi ne gubar tana kisa ko a inda oksijin ya yi ƙaranci, wato tsakiyar ƙari, inda gashin radiyeshin ke yawan gazawa.

Sai dai ina roƙonka kada ka sa wa wani majiyyaci rai tukuna. Garkuwar jiki na ɗaukar enzayim ɗin, da yake furotin ne na tsiro, a matsayin baƙo, hanta kuma kan tsince shi daga jini da wuri saboda sukarin da ke manne da shi, shi ya sa aikin bai wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba.

Ka gaida mutanen gida.

Naka amini.