A raba abin da aka auna da abin da ake hasashe game da farkon sararin samaniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka. Na ji daɗin rubutun da kuka fitar a shafinku na kimiyya kan yadda sararin samaniya ya faro, har na kai shi aji na karanta wa ɗalibaina, domin ba kullum muke samun irin wannan zance da Hausa ba. Sai dai jimla guda ta tsaya mini a rai, inda aka ce masana sun tabbatar sararin ya yi wata kumbura mai tsananin sauri tun bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Hujjojin wannan magana suna da ƙarfi, amma har yau hasashe ce, kuma masu ita kansu ba su ce an rufe babin ba.

Ga abin da aka auna. A 1965, Arno Penzias da Robert Wilson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka bayyana wani ƙugi da eriyarsu ke kamawa ta kowace fuska, dare da rana. Har kashin tantabaru suka kankare daga cikinta, suna zaton shi ne sanadi, ƙugin bai tafi ba. Ashe haske ne mafi tsufa da ake iya kamawa, wanda ya taso lokacin da sararin ke da shekara 380,000 kacal, alhali yanzu shekarunsa sun kai biliyan 13.8. Faɗaɗuwar sararin a tsawon tafiyarsa ta sanyaya shi, ya koma kimanin digiri 270 ƙasa da sanyin da ke daskarar da ruwa. Wannan ba a gardama a kansa.

To, a nan tambayar take. Ka auna zafin wannan haske ta gabas, ka auna ta yamma, za ka tarar kusan ɗaya ne, bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ga shi kuwa bisa tsohon lissafi, ɓangarorin biyu sun yi nisan da ko haske bai samu lokacin ƙetarawa daga wannan zuwa wancan ba. Abin da nake ce wa ɗalibaina shi ne, a ce wata mata ta dama kunu a Sakkwato, wata ta dama a Maiduguri, ba su san juna ba, ba wanda ya kai saƙo, sai aka tarar kaurinsa da zafinsa da tsaminsa duk iri ɗaya ne. Dole mai hankali ya ce anya ba daga tukunya ɗaya aka ɗebo ba?

Amsar da masanin kimiyya Alan Guth na Amurka ya kawo ke nan. A Disambar 1979 tunanin ya zo masa, ya buga shi a 1981. A Tarayyar Sobiyet kuma Alexei Starobinsky ya riga ya bi wata hanya mai kama da ita. Suka ce duk abin da muke hangowa yau ya taɓa zama ɗan mitsitsin wuri guda, har zafinsa ya daidaita, sannan sarari ya kumbura, kowane tazara ya ninka da adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 26 ko fiye, cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido shekaru ne a kansa. Ba abubuwa ne suka fantsama cikin fili kamar tashin bam ba, filin ne kansa ya miƙe, kamar ƙullin fanke idan ya tashi. Lissafin Guth na farko yana da tangarɗa, domin kumburar ba ta ƙarewa lami lafiya. A 1982 Andrei Linde ya gyara, haka ma Andreas Albrecht da Paul Steinhardt.

Abin da ya sa nake girmama wannan ra'ayi shi ne bai tsaya ga bayanin abin da aka riga aka sani ba, ya faɗi abin da za a tarar idan aka duba. Ya ce za a ga sararin a miƙe yake, ba lanƙwasa. Ya ce ƙananan girgiza na duniyar ƙwayoyin zarra sun miƙe tare da kumburar, suka zama irin da gungun taurari suka tsiro daga gare shi, kuma za a ga tabonsu a tsohon hasken nan. Tauraron ɗan'adam mai suna COBE ya gano tabon a 1992. Wani tauraron ɗan'adam, Planck na Turai, ya auna shi daki-daki, ya fitar da sakamako a 2013, kuma tsarin ya yi daidai da abin da aka faɗa.

Amma ka tuna abin da ya faru a watan Maris na 2014. Masu na'urar BICEP2 da ke can ƙuryar kudancin duniya, cikin ƙanƙarar Antatika, suka yi shelar sun ga wata murɗa a cikin hasken, wadda ake ɗauka sawun kumburar ce kai tsaye. Duniya ta ɗauka. Shekara ba ta zagayo ba aka haɗa bayanansu da na Planck, sai ga shi ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ta isa ta haifar da abin da suka gani. Wanda ya taɓa neman jinjirin wata cikin hazon hunturu ya san yadda ƙura ke yaudarar ido. Har yanzu ana neman wannan sawu. Kuma ba a gano abin da ya tura kumburar ba, shi ya sa salon lissafinta ya yi yawa. Steinhardt da ya taimaka wajen gina ra'ayin ya koma cikin manyan masu sukarsa. A 2017 shi da abokan aikinsa biyu suka soki ra'ayin a mujallar Scientific American, masana 33, cikinsu har da Stephen Hawking, suka sa hannu a takardar mayar da martani.

Wannan gardama ita nake so yaranmu su gani. Yaron da aka ce masa an gama komai, haddacewa kawai zai yi. Wanda aka ce masa ga inda aka tsaya, ga abin da ake nema, shi ne zai zauna ya koyi lissafin.

Ina roƙo ku buga gyara, inda aka ce an tabbatar a mayar da shi ana kyautata zato. Sannan ku tsayar da kalma guda ta Hausa, domin sunan da Turawa ke kiran abin, wato inflation, shi ne dai wanda suke kiran hauhawar farashi da shi, kuma mai fassara yana iya tuntuɓe a nan. Ni a aji "kumburar farko" nake cewa, ɗalibai kuma suna ganewa. Idan masu karatu suna da wadda ta fi ta, ku ba su fili su kawo.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, Zariya