Haƙƙin masu fasaha ba ya samuwa daga zaune

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ka ba ni fili in yi magana a kan mawaƙa, marubuta, masu zane, masu ɗaukar hoto da 'yan wasan kwaikwayo waɗanda suke aikin kansu, ba su da albashin wata, ba su da fansho, ba su kuma da wanda zai tsaya musu ranar da aka ci musu haƙƙi. Ni ma ina cikinsu, zane nake yi. Na taɓa yi wa wani kamfani bangon littattafai huɗu a kan alkawarin baki kawai, aka karɓi aikin, aka buga, na ga littattafan a hannun mutane, amma na yi wata biyar ina kiran waya ana ce mini takarduna suna gaban mai sa hannu. Ranar da na tattara hujjojina in kai ƙara, abin da na samu bai wuce saƙon murya ɗaya ba, wanda a ciki aka ce mini in ci gaba da aiki, za a yi magana daga baya.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne ganin yadda irinmu suka haɗa kai a wasu ƙasashe har suka canza doka. A birnin New York na Amurka, ƙungiyar masu aikin kansu mai suna Freelancers Union ta tattara labaran mambobinta da aka hana su kuɗin aikinsu, ta kai su gaban majalisar birnin suka yi bayani da bakinsu, har aka zartar da doka a 2016 wadda ta fara aiki a watan Mayun 2017. Dokar ta wajabta rubuta yarjejeniya ga duk aikin da ya kai dala 800, ta ce idan ba a ambaci ranar biya ba to a biya cikin kwana 30 da gama aiki, kuma wanda ya ƙi biya ana iya ɗora masa ninki biyu na abin da ake bin sa. Da a ce ina ƙarƙashin irin wannan doka, da kamfanin nan ne zai ji tsoron wata biyar ɗin, ba ni ba. Abin lura a nan shi ne ba su je suna kukan cewa gwamnati ta manta da su ba, buƙata ɗaya suka riƙe, wadda ɗan majalisa zai iya rubutawa a takarda ya kai zaure a kaɗa mata ƙuri'a.

A ƙasar Ireland kuwa, masu fasaha sun kafa ƙungiyar fafutukar kare harkar fasaha mai suna National Campaign for the Arts a 2009, lokacin da matsin tattalin arziki ya sa ake shirin zaftare kason da ake ware wa harkar. Shekara da shekaru 'yan sa-kai suna zuwa wurin wakilan mazaɓunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da annobar korona ta rufe wuraren wasanni a 2020, sai ta tarar suna da shawara a hannu. A 2022 gwamnati ta fara gwaji inda aka zaɓi masu fasaha 2,000 ta hanyar canki-canka, ana ba kowannensu Yuro 325 duk mako, ana kuma bibiyar wasu da ba a ba su ba domin a kwatanta a ga bambanci. Wannan kwatancen, a ganina, shi ne mafi hikima a cikin shirin, domin ministan kuɗi ba ya jin yaren tausayi, lissafi yake so a ajiye masa.

Ba ina nufin hanyar tana da sauƙi ba. A Faransa an taƙaita wata 12 da ake ba ma'aikatan wasanni su cika awa 507 na aiki kafin su cancanci tallafin rashin aiki, suka tafi yajin aiki a 2003 har aka soke babban bikin wasan kwaikwayo na Avignon, amma sai a 2016 aka mayar musu da wata 12 ɗin da suke nema. Shekara 13 ke nan, kuma mahaƙurci ne ya ci riba. Haka nan hukumar UNESCO ta fitar da shawara a kan matsayin mai fasaha tun 1980, wadda ta nemi ƙasashe su ɗauke shi a matsayin ma'aikaci mai haƙƙin kariya, sai dai takarda ba ta aiwatar da kanta idan babu masu bin sawunta.

Laifinmu ma yana nan, kuma dole in faɗe shi. Mukan taru ne idan wani ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, ko a lokacin zaɓen shugabannin ƙungiya, bayan haka kowa ya kama gabansa. Taurari kan zauna da masu mulki a ɗauki hoto, amma mai haɗa sauti da mai ɗinka kayan wasa ba a tambayar su abin da ke damun su, alhali su ne suka fi yawa, su ne kuma aka fi cuta. Ƙungiya ko da ta mutum ashirin ce za ta iya buɗe littafi ta riƙa rubuta wa aka yi wa aiki, nawa aka yi alkawari, yaushe aka biya, kuma bayan shekara ɗaya wannan littafin zai fi taron manema labarai goma nauyi a gaban kwamitin majalisa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta riƙa tura wakili duk lokacin da majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan dokar haƙƙin mallaka ko ta ƙwadago, ta kuma sanar da ranar tun da wuri, domin da yawanmu sai an tashi daga zaman muke jin labarinsa.

Naka mai karatu,
Wani mai zane