Sanarwa kan kuɗin sauke mota ƙasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu son a sauke musu mota ta yi ƙasa-ƙasa, ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a garejin da muka saba, bakanike ya yi mana farashi a dunƙule ko ma samu ragi.

Kowa ya turo samfurin motarsa kafin Juma'a, ya faɗa ko sifirin kaɗai zai canza ko har da shokazoba, don nan kuɗin yake bambanta. A ware kuɗin alaimen, wato daidaita tayoyi, daban.

Yanke sifirin ya fi araha, amma ni na gwada: shokazoba ta mutu, salansa kuma kullum tana kartar tudun titi.

Allah ya kai mu lafiya.